Sharhi: Hatim Ali, ɗan gudun hijirar da ya riƙe kyamara, da tambayar da ke jiran mutanen Kilomita Biyar

Ranar 24 ga Yulin 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Hague ta yanke wa Alfred Yekatom, wanda ake wa laƙabi da Rambo, ɗaurin shekara 15, ta kuma yanke wa Patrice-Edouard Ngaissona, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ɗaurin shekara 12. An same su da hannu a abin da mayaƙan Anti-Balaka suka yi wa fararen hula Musulmi daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014, wato kisa da kora daga gidaje da gallazawa saboda addini. Shari'ar ta soma ne a Fabrairun 2021, ta ci shekara huɗu da ɗoriya, shaidu sun tsaya gaban alƙalai sun faɗi abin da idonsu ya gani.

To amma hukuncin yana can a rubuce cikin harshen lauyoyi, shafi bisa shafi, a ƙasar Holan. Yaron da aka haifa a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui a makon da aka kawo harin 5 ga Disambar 2013, yanzu ya tasa, yana dab da zama saurayi. Ba zai karanta wannan hukunci ba. Ɗan'uwansa da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira a kudancin Chadi ko gabashin Kamaru shi ma ba zai karanta ba. Abin da za su sani game da waccan shekara shi ne abin da suka tsinta a hirar gida, in an yarda an yi hirar, da kuma abin da suka kalla a waya.

A waya kuwa akwai abin kallo. A 2019 Bafaranshe Boris Lojkine ya fitar da fim ɗin Camille, labarin Camille Lepage, 'yar jarida mai ɗaukar hoto da aka kashe a ƙasar a Mayun 2014. A 2021 wani ɗan Suwizalan, Manuel von Stürler, ya fitar da Siriri, kan tafiyar marigayi Imam Umar Kobine Layama da Kadinal Dieudonné Nzapalainga wajen neman sulhu. A wannan shekarar dai Rashawa suka shirya fim ɗin yaƙi mai suna Touriste, aka juya shi zuwa harshen Sango, aka haska shi a babban filin wasa na Bangui a watan Mayu, jarumansa kuwa su ne masu ba da horon soja da suka zo daga Rasha. Kowa ya zo ya ɗauki ɓangaren da ya dame shi, kuma ba laifi ba ne mutum ya ba da labarin da ya dame shi. Sai dai Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ga shi masu waƙar sun yi shiru.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace a waiwayi rayuwar wani mutum da da yawa daga cikin masu karatu sun kalli aikinsa ba tare da sun riƙe sunansa ba. Duk wanda ya taɓa kallon fim mai dogon zango na tarihin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda tashar MBC da gidan talabijin na Ƙatar suka fitar a azumin 2012, to aikin Hatim Ali ya kalla.

An haife shi a 1962 a garin Fiƙ da ke Tuddan Golan, ƙasar Siriya. Yana ɗan shekara biyar aka yi yaƙin Yunin 1967, Isra'ila ta mamaye Golan, iyayensa suka bi sahun dubun-dubatar mutanen da suka bar ƙauyukansu. Suka yada zango a gefen Dimashƙa, a yankin sansanin Yarmuk, inda Falasɗinawan da aka koro tun 1948 suke zaune. Ke nan ya tashi ne a tsakanin korarru iri biyu, nasa mutanen da kuma waɗanda suka riga su ɗanɗana wannan ɗaci da shekara 19. Ya shiga babbar cibiyar koyar da wasan kwaikwayo ta Dimashƙa, ya kammala a 1986 a fannin fitowa a wasa. A 1988 darakta Haisam Haƙƙi ya sa shi a wasan talabijin mai suna Da'iratun Nar, daga nan fuskarsa ta zama sananniya a gidajen Siriya. Yana kuma rubuta gajerun labarai da wasanni. Sai a tsakiyar shekarun 1990 ya koma bayan kyamara ya zama mai ba da umarni.

Akwai abin lura a wannan hanya da ya biyo. Mutumin da ya shekara da shekaru yana tsayawa gaban kyamara ya san abin da ɗan wasa ke buƙata a faɗa masa, ya san lokacin da kuka ya zama na ƙarya, ya san cewa shiru na daƙiƙa biyar kan isar da abin da dogon jawabi ya kasa. Wanda ya kalli ayyukansa na tarihi zai ga mutanen da ke ciki suna magana da Larabci fasihi amma suna motsi kamar mutane, suna jin yunwa, suna gajiya, tufafinsu na yin ƙura. Kafin shi, yawancin wasannin tarihi na Larabawa kamar huɗuba ce da aka ɗaura wa rawani: kowa ya tsaya ƙiƙam yana daka wa ɗan'uwansa tsawa.

A 2000 ya fitar da Az-Zir Salim, rubutun marubucin Siriya Mamduh Adwan, kan yaƙin Basus na zamanin jahiliyya. Ɗaliban adabin Larabci sun san labarin: ƙabilun Bakar da Taglib, 'yan'uwan juna, suka kwashe shekara 40 suna zubar da jini, asalin abin kuwa taguwa ce guda da aka harbe. Hatim bai mai da Zir gwarzon da ake tafa wa ba. Ya nuna yadda neman fansa ke cinye mai nemansa har ya tsufa ba shi da kowa. Mutumin Bangui ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan.

Daga nan ya haɗu da abokin aikin da sunansu ya zama ɗaya, Dakta Walid Saif, Bafalasɗine haifaffen Ɗulkaram a 1948, malamin harshe kuma marubuci. Suka yi Salahuddin Al-Ayyubi a 2001. Suka bi shi da uku kan Andalus: Saƙru Ƙuraish a 2002, labarin Abdurrahman Ad-Dakhil, wanda ya tsere wa takubban Abbasiyawa bayan 750, ya ƙetare Arewacin Afirka a ɓoye, ya kafa mulki a Ƙurɗuba a 756, sai Rabi'u Ƙurɗuba a 2003, sai Mulukuɗ Ɗawa'if a 2005, zamanin da halifancin Ƙurɗuba ya rushe a 1031 kowane gari ya naɗa nasa sarki, suna biyan sarakunan Kirista na arewa haraji domin a taimake su yaƙar juna, har birnin Ɗulaiɗila ya faɗi a 1085. Sun yi niyyar rufewa da na huɗu kan faɗuwar Garnaɗa, Allah bai nufa ba.

Amma aikin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne wanda ya fito a tsakani, a 2004: At-Tagribatul Falasɗiniyya, kashi 31. Babu halifa a ciki, babu sarki, babu sahabi. Iyali ne na matalautan manoma a wani ƙauyen Falasɗinu, aka bi su tun daga shekarun 1930 ƙarƙashin mulkin Ingila, ta cikin boren 1936, zuwa korar 1948 wadda ta raba mutum sama da 700,000 da gidajensu, zuwa zaman tanti, har yaƙin 1967. Babban ɗan gidan ya shiga daji ya zama kwamandan mayaƙa, mutane na girmama shi; bayan kora sai ga shi a sansani yana neman aikin lebura don ciyar da 'ya'ya. Ƙaninsa ya yi karatu ya tsira da biro.  'Yar'uwarsu ta rabu da ɗanta a rububin gudu. Hatim da kansa ya fito a matsayin wannan ɗa bayan ya girma, Rushdi. Ya kuma faɗa a hirarraki cewa lokacin da yake tsara fitowar jama'a daga ƙauye, da ƙunshin kaya a ka da yara a kafaɗa, abin da ya gani yana yaro a 1967 yake maimaitawa.

Abin da ya ba wannan aiki ƙarfi, a ganinmu, shi ne bai yi wa mutanensa kwalliya ba. Ya nuna zaluncin mamaya ƙarara, ba ɓoye-ɓoye. Amma ya nuna mai gonar da ke tatsar manomi tun kafin baƙo ya zo, da ɗan birnin da ke ƙyamar ba ɗan ƙauye 'yarsa, da mazaunin gari da ke kallon ɗan sansani a wulaƙance alhali addininsu ɗaya harshensu ɗaya, da 'yan'uwan da talauci ya sa suka fara ƙirga wa juna loma. Saboda ya faɗi waɗannan ne mai kallo ya gaskata shi a sauran. Shi ya sa har yau, duk lokacin da wuta ta tashi a Gaza, za ka ga ana sake yaɗa guntayen wannan wasa a Facebook da YouTube, shekara 20 bayan fitowarsa.

Yanzu sai batun da ba za a tsallake ba a shafi irin wannan. Fim ɗin Umar ya nuna fuskokin halifofi huɗu, 'yan wasa suka tsaya a matsayinsu: Samir Isma'il a matsayin Umar, Gassan Mas'ud a matsayin Abubakar, Allah Ya ƙara musu yarda. Ba a nuna Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ba. Duk da haka wannan mataki ne da Musɗafa Al-Aƙƙad bai ɗauka ba a fim ɗinsa Ar-Risala na 1976, inda ya nuna Hamza da Bilal amma ya ɓoye halifofin. An ɗauki fim ɗin Umar a Maroko, aka kuma ba wani kwamitin malamai rubutun ya duba ingancin tarihinsa, cikinsu akwai marigayi Shaikh Yusuf Al-Ƙardawi da Shaikh Salman Al-Auda da Dakta Ali As-Sallabi da Dakta Akram Diya'ul Umari. A ɗaya ɓangaren kuma Al-Azhar ta tsaya kan matsayinta na hana kwaikwayon annabawa da iyalan gidan Annabi da sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna, babban muftin Saudiyya na lokacin, marigayi Shaikh Abdul'aziz Alus Shaikh, ya soki aikin da kakkausar murya, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ita ma tana kan hani.

Hujjar masu hani ba ƙarama ba ce, kuma ɗalibi ya kamata ya fahimce ta da kyau. Fuska tana manne wa zuciya. Yaron da ya kalli kashi 31 zai rufe ido ya ga fuskar ɗan wasa duk lokacin da liman ya ambaci Umar a kan mumbari, ɗan wasan kuwa gobe zai fito a wani fim yana abin da bai dace ba. Sannan wasa ba ya tafiya sai an cike gurabe: ruwaya ta kawo jimla biyu, marubuci na buƙatar hirar minti biyar, to ragowar daga ina? Daga kansa. Mai kallo kuma ba shi da hanyar rarrabe wanne ne ya zo da isnadi, wanne ne aka ƙirƙira don daɗin labari. Masu halattawa suka ce matasa sun riga sun koma ga allo, in ba a kai musu tarihin can ba wani zai kai musu nasa. Mu dai a nan hankalinmu ya fi kwanciya da barin fuskokin sahabbai, kuma mai neman fatawa ya koma ga malamansa. Abin da muke ƙorafi a kai daban ne: wannan muhawara ta cinye duk zancen. Da zarar an ambaci fim a majalisin almajirai sai a tsaya kan halas ne ko haram ne a nuna sahabi, a watse a nan, kamar dai babu wani labari a duniya sai wanda malamai suka yi saɓani a kansa. At-Tagriba ba ta taɓa wannan iyaka ba ko kaɗan, kuma ita ce mafi tasirin abin da mutumin ya bari.

Ya shiga sinima ma. A 2009 ya fitar da Al-Lailuɗ Ɗawil, rubutun tsohon maigidansa Haisam Haƙƙi, kan fursunonin siyasa da aka sako bayan kusan shekara 20 da yadda labarin sakinsu ya girgiza iyalan da suka riga suka saba da rashinsu, har wasu suka daidaita da gwamnatin da ta ɗaure iyayensu. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin Taormina na Italiya. Bayan yaƙi ya ɓarke a Siriya a 2011 sai ya sake zama baƙo, karo na biyu a rayuwarsa, yana aiki tsakanin Masar da Labanan, iyalinsa suka koma Kanada. Fitowarsa ta ƙarshe a gaban kyamara a wani fim ne na Kanada, Peace by Chocolate, inda ya taka rawar dattijo ɗan gudun hijirar Siriya da aka rusa masa masana'antar cakulan ya sake farawa daga tushe a ƙasar sanyi. Bai ga fitowarsa ba. Ya rasu a Alƙahira ranar 29 ga Disambar 2020 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 58, aka kai gawarsa Dimashƙa aka binne a maƙabartar Babus Sagir. Allah Ya jiƙansa Ya yafe masa kurakuransa.

Mu ma a ƙasar Hausa mun san wannan hanya ta tashi daga talabijin zuwa fim. Su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, a talabijin da rediyo na Kaduna suka yi suna. A Kano, gidan CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa ya reni ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, kuma daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, abin da ake ɗauka a matsayin mafarin Kannywood. Yau finafinan Hausa sun kai duk inda Bahaushe ya kai, har Bangui. Amma a cikin shekara 35, nawa ne daga cikinsu suka zauna suka bi iyali guda ta cikin wata musiba da ta faru da gaske, da haƙuri da bincike irin na At-Tagriba? Ba a rasa masu ƙoƙari ba, sai dai kasuwa ta fi karkata ga soyayya da rikicin kishiyoyi. Mu kuma na ɓangaren masallaci rawar da muka fi ƙwarewa a kai ita ce ta tsawatarwa. A 2016 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta yi shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano, malamai suka tashi tsaye, aka janye. A Mayun 2025 hukumar tace finafinai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha wanda shi ma daga harkar ya fito, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 saboda ba su bi ta hannunta ba. Tsawatarwa tana da muhallinta, kuma akwai ɓarnar da ta cancanci a tsawatar. Amma bayan an hana wancan, me aka gina a madadinsa? Wace ƙungiyar addini ce ta ɗauki nauyin ɗalibi guda ya je ya koyi rubutun fim ko riƙon kyamara kamar yadda ake ɗaukar nauyin masu karatun likita?

Mu dawo Kilomita Biyar. Kayan labari a nan sun fi ƙarfin fim ɗaya. Unguwa ce da ta kasance zuciyar kasuwancin Bangui, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da 'yan Senigal da Mali suka zauna tare da 'yan ƙasa Musulmi da Kirista tun zamanin Faransa, ana ciniki a kasuwar Mamadou Mbaiki da Sango da Hausa da Larabci. Bayan Disambar 2013 ta koma kurkuku mai faɗi, wanda ya ƙetare iyakarta bai da tabbacin dawowa. A ƙarshen Afrilun 2014 aka kwashe Musulmi kusan 1,300 da suka maƙale a PK12 cikin manyan motoci zuwa arewa, suna barin wurin aka afka wa masallacinsu. A Maris ɗin 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce an rusa masallatai 417 daga cikin 436 na ƙasar. Kwamitin bincike na Majalisar ya kira abin da aka yi da sunansa, share wata al'umma daga yankunanta. Ranar 30 ga Nuwambar 2015 Fafaroma Francis ya shigo har babban masallacin Koudoukou, Imam Tijjani Musa Na'ibi ya tarbe shi, duniya ta kalli unguwar na yini guda ta juya.

Ga kuma ɓangaren da ya fi wuya, wanda duk mai son ya yi koyi da Hatim Ali dole ya haɗiye shi. Labarin bai fara ranar 5 ga Disamba ba. Ranar 24 ga Maris 2013 Seleka ta ƙwace Bangui, Michel Djotodia ya hau mulki, mayaƙanta suka shafe watanni suna kisa da kwasar ganima a unguwannin da yawancin mazaunansu Kirista ne. Ɗaya daga kwamandojinta, Mahamat Said Abdel Kani, shi ma an soma shari'arsa a kotun Hague a 2022. Wannan bai halatta jinin mai shago ko jaririn da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuma babu mai hankalin da zai ce ya halatta. Amma fim ɗin da ya tsallake shi maƙwabci ba zai kalle shi ba, mu kaɗai za mu kalla mu yi kuka mu tashi. Haka nan 'yan sa-kai da suka tashi da sunan kare unguwa, waɗanda da farko mutane suka ga amfaninsu, daga baya suka koma karɓar kuɗin dole a hannun 'yan kasuwa da masu motocin kaya. Sunan Nimeri Matar, wanda ake kira Force, ba baƙo ba ne ga kowa a nan. A Afrilun 2018 dakarun MINUSCA suka shigo neman kwance musu ɗamara aka yi asarar rayuka, ranar 1 ga Mayu aka kai hari cocin Fatima aka kashe masu ibada da limaminsu, aka rama a kan masallaci da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A ƙarshen Disambar 2019 'yan kasuwa da kansu suka ce ya isa, aka gwabza a cikin kasuwa, fiye da mutum 30 suka mutu, shaguna suka ƙone. Mulukuɗ Ɗawa'if ke nan a cikin unguwa guda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba muna cewa abu ne mai sauƙi ba. Walid Saif da Hatim Ali sun yi nasu ne shekara 56 bayan 1948, a wata ƙasa, da kuɗin kamfani da gogaggun 'yan wasa. A Bangui waɗanda suka yi ɓarnar da yawansu suna raye, wasu ana haɗuwa da su a hanya. Hukuma ma ba ta cika haƙuri da kyamara ba: Rafiki Fariala, matashin da iyayensa suka zo gudun hijira daga Kwango ya tashi a Bangui, ya yi fim kan rayuwar ɗaliban jami'ar Bangui, aka nuna shi a bikin Berlin a 2022, a gida kuwa aka hana haska shi. Amma labarin Rafiki yana da wani gefen. Shi da su Elvis Sabin Ngaibino da Pascale Appora-Gnekindy sun fito ne daga wani ɗan horo da cibiyar Ateliers Varan ta Faransa ta shirya a Bangui a 2017 tare da Alliance Française, matasa kaɗan da ƙananan kyamarori, kuma cikin 'yan shekaru finafinansu suka zagaya duniya. Ƙofar ba a rufe take ba. Abin tambaya shi ne yaran Kilomita Biyar nawa ne iyayensu da malamansu za su bari su shiga, ba tare da an ce sun lalace ba.

Kafin a kai ga fim ma akwai aikin da ba ya jiran kowa, kuma babu saɓanin malamai a kansa. At-Tagriba ta yi ƙarfi ne domin marubucinta ya tashi cikin masu labarin, daraktanta kuma ya taka hanyar da ƙafarsa. Abin da zai maye wannan a wurinmu shi ne muryoyin dattawa, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Imam Kobine Layama kansa ya rasu a Nuwambar 2020. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ta naɗi hirar awa biyu. Kwamitin masallaci zai iya zaɓar ɗalibai masu amana, maza ga maza, mata ga mata, su zauna da wanda ya yarda, da harshen da ya fi sakewa a ciki, ko Sango ne ko Fulatanci. A tambaye shi yadda kakansa ya zo, da wace sana'a, wa ya ba shi masauki. A tambaye shi maƙwabcin da ya ɓoye shi, domin akwai Kiristocin da suka yi haka, kamar yadda coci a Boali da Carnot suka ba ɗaruruwan Musulmi mafaka. A tambaye shi abin da ya gani nasa sun yi wanda bai ji daɗinsa ba. Kada a ɗora a Facebook don neman tafi, kada a bar sunan wanda ake zargi ya yi yawo a WhatsApp ya zama sanadin wani jinin. A adana kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a wajen ƙasar, don an ga yadda wuta ke cin takardu a 2014. Masu hijira a Chadi da Kamaru, da waɗanda Nijeriya ta kwaso a jirgi a farkon 2014, su ma a bi su.

In an rasa ta inda za a fara tambaya, a fara da maƙabarta. Sama da shekara biyu Musulmin Kilomita Biyar ba su iya kai mamatansu maƙabartarsu da ke unguwar Boeing, kusa da filin jirgin sama, saboda hanyar tana hannun masu neman ransu. Mutane suka riƙa binne nasu a cikin unguwa, inda wuri ya samu. Sai a Fabrairun 2016 shugabannin unguwannin biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya aka buɗe hanya, matasan ɓangarorin biyu suka fito tare suka share ciyawar da ta rufe kaburbura. Waɗanda suka yi wanka da sutura a waɗancan shekaru, da waɗanda suka ɗauki gawar farko suka bi wannan hanya bayan an buɗe ta, da yawansu suna nan a sahun gaba na masallatan unguwar, kuma sun san inda kowa yake kwance.